Injinan kafinta a shagon haɗin gwiwa: yadda za a kauce wa haɗari, da wanda ke ɗaukar alhaki in ya auku

A garuruwa da manyan ƙauyukanmu, tun daga Maraɗi, Tasawa da Gidan Rumji har Damagaram, Matamai, Madawa da Birnin Ƙonni, aikin katako ya koma hannun inji. Falankin da a da kafinta zai wuni yana tsagawa da zarton hannu, yau cikin ƴan mintoci an gama da shi. Sai dai injinan akwai tsada, ba kowa ke iya mallakar nasa ba. Wani wuri ƙungiyar masu sana'a ce ta haɗa kuɗi ta saya. Wani wuri na cibiyar koyon sana'a ne ta komin, wadda ake kira CFM. Wani wuri ɗan'uwa da ke ci-rani ne ya aiko da shi. Wani wuri kuma mutum guda ke da injin, kafintocin unguwa su kawo katakonsu su biya a tsaga masu, ko su tsaga da kansu.

A irin wannan shago hannuwa da yawa ke taɓa inji guda. Ranar raba riba kowa ya san kasonsa, amma ranar da yatsa ya tafi sai ka ji kowa na cewa ba ruwansa. To, wannan bayani na kafintoci ne, da iyayen yaran da ke koyon sana'a, da shugabannin ƙungiyoyi, da ƴan'uwa na waje masu aiko da kayan aiki.

Injinan da suka fi raunata mutane

Na farko shi ne injin zarto na teburi. Faifan zarto mai faɗin santimita 30, in yana juyawa sau 4,000 a minti, haƙoransa na gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. Babu hannun da ya kai shi sauri. Hanya biyu yake raunata mutum: ko dai hannu ya kai ga haƙora, ko kuma katako ya matse faifan ta baya, injin ya harbo shi da ƙarfi ya bugi ciki ko fuska, wani lokaci ya ja hannun zuwa kan zarton. Katako ɗanye, ko tanƙwararre, ko mai ƙulli, ko tsohon katakon akwati mai ƙusa a ciki, su suka fi jawo wannan harbi. Maganinsa:

- Kar a cire ƙarfen nan mai kama da wuƙa da ke tsaye bayan faifan. Shi ke hana tsagar ta rufe ta matse zarto.
- Murfin da ke saman faifan ya zauna wurinsa.
- A ɗaga faifan ya ɗara kaurin katakon kaɗan kawai.
- In ya rage kamar santimita 30 a gama tsaga, a tura da sandar turawa, hannu ya tsaya nesa. Sandar nan guntun katako ce da kowane ɗan koyo zai iya sassaƙawa, a rataye ta jikin injin.
- A tsaya ta gefe, kar a daidaita ciki da layin zarto, kar kuma kowa ya tsaya a baya.
- Ba a share dusar katako ko ɗauke guntu da hannu sai faifan ya tsaya cak.

Na biyu injin fere katako, mai wuƙaƙe a jikin gangar ƙarfe. Shi ba ya yanke yatsa ya bar maka guntun da za a ɗinka, niƙe shi yake yi. Kar a bi da guntun katakon da bai kai santimita 30 ba, a riƙa cin kaɗan-kaɗan, kuma tafin hannu kar ya bi ta kan wuƙaƙen.

Na uku injin ƙawata bakin ƙofa da gado, wanda masu sana'a ke kira «toupie» da Faransanci. Wannan aikin gwanaye ne. In ba a ɗaure wuƙarsa da kyau ba tana iya tsinkewa ta tashi kamar harsashi.

Na huɗu injin hannu na yankan ƙarfe da gurzawa. Ƙaraminsa na juyawa sau 11,000 zuwa 12,000 a minti. Akwai wata mummunar dabara da ta yaɗu: a ɗaura masa faifan zarton katako don a rage kashe kuɗi. Jama'a, a bar wannan. Injin ba shi da teburi, ba shi da abin tare harbi, da haƙori ya kama katako sai ya ƙwace ya nufi cinya, wuya ko fuska. Faifan gurzawa shi ma yana lalacewa da daɗewa. Ana buga shekarar ƙarewarsa a jikin zoben ƙarfen da ke tsakiya. Faifan da ya tsage ko ya sha ruwa, a jefar.

Injin huda ya fi sauran sauƙi, amma shi ma a ɗaure katakon kafin a huda, kuma a cire makullin da ake ɗaure tsinken da shi kafin a kunna.

Maganar wutar lantarki

Wutar NIGELEC volt 220 ce, kuma ta isa ta kashe mutum. Haɗarin da ya fi kama da namu shi ne ɗaukewar wuta, musamman lokacin zafi. Ana cikin tsaga wuta ta ɗauke, injin ya tsaya, kowa ya fita shan iska, makunni na nan a kunne. Sai wani ya zo yana zare katakon da ya maƙale ko yana share teburin, wuta ta dawo, zarto ya tashi da hannunsa a kai. Saboda haka doka ta farko a shago ita ce: da wuta ta ɗauke, a kashe kowane inji a zare wayarsa. Mai gyaran wuta na iya sa makunnin da ba ya tada inji da kansa sai an sake dannawa. Kuɗinsa bai kai na jinyar yatsa guda ba.

Haka nan duk wanda zai canza faifai ko wuƙa, ya zare waya ya ajiye kanta inda idonsa ke gani. Kashe makunni kaɗai bai isa ba a wurin da mutane ke kai da komo.

Sai kuma waɗannan:

- A daina cusa tsirarar waya cikin soket ana toshewa da tsinken ashana.
- Wayar da ta yi siriri ga babban inji tana zafi har ta narke. In an taɓa aka ji ɗumi, ta yi ƙaranci.
- Injin da jikinsa ƙarfe ne yana buƙatar wayar ƙasa. In ana jin yana ɗan «cizo» da an taɓa shi, to a tsayar da shi nan take.
- A sa na'urar tsinke wuta mai 30 mA a allon shago. Tana yanke wuta da ta ji tana bi ta jikin mutum. Akwai ɗan maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa dannawa kowane wata.
- Da damina, ba a aiki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ko da ƙafa ba takalmi.
- Janareto waje ake ajiye shi. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum a rufaffen ɗaki. Ba a zuba masa mai sai an kashe shi ya huce.

Sutura da halin mai aiki

Babbar riga, jallabiya mai faɗin hannu, jelar rawani, carbi a wuya ko a hannu, zobe da agogo, duk inji na iya fizgarsu. A tuɓe, a sa riga mai gajeren hannu ko a naɗe hannun sama da gwiwar hannu. Safar hannu na da amfani wurin ɗaukar katako, amma a gaban inji mai juyawa haɗari ce, don in ya kama ta da hannun zai tafi. Tabaron kariya kuwa dole ne, ga mai aiki da mai kama masa.

Yawancin raunuka ba ranar da aiki ya yi sauƙi suke aukuwa ba. Lokacin kaka ne da gabanin azumi, sa'ad da bukukuwa suka yi yawa ana jiran gado da kayan ɗakin amarya, ko gab da komawar makarantu a watan Oktoba da ake neman teburan ƴan makaranta. Nan ne ake kwana ana aiki da hasken da bai isa ba. Wanda bai yi barci ba, da wanda azumi ya galabaitar da la'asar sakaliya, da wanda ya haɗiyi tramol don ya jure, kar su kusanci zarto. Ba a kiran mutum ta baya ko a miƙa masa shayi ko salula yana cikin tsaga. Yaran unguwa masu zuwa ɗibar dusar katako, a keɓe masu lokaci bayan an kashe injina.

Ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma murfin da mutum ya cire da hannunsa ya jefa bayan ɗaki, wannan sunansa sakaci.

Ƙura, ƙara da gobara

Waɗannan a hankali suke cin mutum. Ƙurar katako na jawo tari da asma, kuma tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon a Faransa, ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, musamman na cikin hanci. Allon MDF ya fi muni, don akwai gam a cikin ƙurarsa. Ƙyalle a hanci ba ya tare ƙura mai laushi, a nemi takunkumi mai alamar FFP2. A bar iska na ratsa shago, a ɗan yayyafa ruwa a ƙasa nesa da wayoyi kafin shara.

Ƙarar da ta kai desibel 85 na lalata ji in mutum na wuni cikinta, zarto da injin fere kuwa sun wuce haka. Ga ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke taku guda da kai ya ji ka, to a toshe kunnuwa. Jin da ya tafi ba ya dawowa.

Dusar katako, fenti, gam da ruwan tsinka fenti duk abincin wuta ne, balle da hunturu da komai ya bushe. Murhun shayi da taba su tsaya waje. A ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai gari kusa da ƙofa. Wutar da ta tashi daga waya ba a zuba mata ruwa sai an yanke lantarki. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

In haɗari ya auku

- A kashe inji tukuna.
- A danne raunin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga hannun sama, kar a riƙa buɗewa ana leƙawa. In jini ya ratso, a ƙara wani ƙyallen a kai.
- Kar a zuba toka, ƙasa, garin gawayi, man birki ko man fetur a rauni.
- In yatsa ya cire, a naɗe shi cikin ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa cikin leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kar naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A tafi da shi tare da mai raunin.
- Abin da ya soke ido ko ya nutse cikin jiki, ba a zare shi a shago.
- Wanda wuta ta kama, a yanke wutar ko a ture wayar da busasshen katako kafin a taɓa shi.
- A wuce likita mafi kusa ba tare da jiran maigida ya dawo ba. CSI za ta tura babban rauni zuwa asibitin gunduma, ko babban asibiti na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. A tambayi allurar ciwon dahi, wato tetanos, ko da raunin ƙarami ne.
- A karɓi takardar likita, a adana takardun magani duka. Su ne shaida gobe.

Wa ke ɗaukar alhaki?

A nan ne ake yawan samun rigima, don haka mu bi shi daki-daki.

In wanda ya ji rauni ma'aikaci ne ko ɗan koyo. Kundin dokokin aiki na Nijar, doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar waɗanda ke ƙarƙashinsa. Haɗarin aiki ana sanar da shi cikin awa 48 ga ofishin sufeton aiki da asusun CNSS. Kason haɗarin aiki mai ba da aiki ne kaɗai ke zuba shi, ba a cire shi daga albashin ma'aikaci. Wanda aka yi wa rajista, asusun na biyan maganinsa, da kuɗin kwanakin da ya yi bai aiki, da wani kuɗi na dindindin in ya nakasa. Maigidan da bai yi rajista ba ya bar kansa a fili: ana iya binsa bashin abin da bai zuba ba, kuma mai raunin na iya kai shi ƙara.

Maganar shekaru. Doka ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da sunan koyon sana'a ne. Aiki mai haɗari kuwa sai wanda ya kai 18. Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a shekarar 2000. Yaro ɗan 14 ko 15 na iya koyon awo, goga, haɗa ƙafar kujera da buga ƙusa, amma ba a bar shi da zarton teburi. Yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce doka ta ce a yi ta. «Na ba ka amanar yaron nan» magana ce mai nauyi, to a ƙara mata takarda.

In wanda ya ji rauni baƙo ne, ko mai saye, ko maƙwabci. A nan kundin dokokin hulɗar jama'a, wato «Code civil», ke aiki. Aya ta 1382 da ta 1383 sun ce wanda ya cutar da wani ta laifinsa ko ta sakacinsa shi zai biya. Aya ta 1384 ta ƙara da cewa mutum na ɗaukar alhakin ɓarnar da abin da ke hannunsa ya yi, da ta waɗanda ke masa aiki, har ta ambaci mai sana'a da ɗan koyonsa a lokacin da yaron ke ƙarƙashin kulawarsa. Ke nan in guntun katako ya harbo ya fasa idon mai wucewa, ba za a tsaya kan yaron da ke riƙe da katakon kaɗai ba, za a nemi maigidansa da mai injin. Raunata mutum ta hanyar sakaci kuma laifi ne a dokar hukunta laifuka, ko da ba da gangan ba ne.

In injin na haya ne ko na ƙungiya. Tambayar da za a yi ita ce: wa ke da iko da injin a lokacin, kuma mene ne ya jawo haɗarin? In lalacewar inji ce da aka sani aka yi shiru, kamar makunnin da ba ya kashewa ko murfin da babu, alhakin na komawa ga mai injin ko shugabannin ƙungiya. In gwani ne ya karɓi lafiyayyen inji ya cire murfin da kansa, nasa kason ya fi yawa. Allon da aka rubuta «kowa ya ji rauni ruwansa» ba ya wanke mai sakaci a gaban alƙali.

Ƙungiyar da ba ta da takardu, nauyin kan faɗa kan mutanen da ke cikinta ɗai-ɗai. Dokar OHADA ta ƙungiyoyin haɗin gwiwa, wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta ba mutum biyar damar kafa ƙaramar ƙungiya mai rajista. Da wannan rajista ƙungiya ke iya mallakar inji da sunanta, ta yi wa ma'aikatanta rajistar CNSS, ta nemi inshorar ɓarnar da aka yi wa wasu.

Sulhu. Yawancin irin wannan magana a zauren mai gari ko hakimi take ƙarewa, kuma doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane. A tabbata an rubuta takardar sulhun, an faɗi abin da aka biya da wanda zai ci gaba da biyan magani. Kar a matsa wa iyayen yaro su yafe tun ba a san iyakar raunin ba. A fikihun da malamanmu ke karantarwa ma, diyyar yatsa guda kashi ɗaya ce cikin goma na cikakkiyar diyya. Ke nan ba ƙaramin abu ba ne da za a rufe da kuɗin goro.

Abin da ya kamata kowane shagon haɗin gwiwa ya rubuta

1. Sunan mutum guda da ke da alhakin injina, da mataimakinsa. Makulli na hannunsu. In ba su nan, ba a kunna komai.
2. Jerin waɗanda aka gwada aka yarda su taɓa kowane inji.
3. Littafin da ake rubuta wanda ya yi aiki, da ranar, da duk lalacewar da aka gani.
4. Injin da ya lalace a zare wayarsa a ɗaura masa jan ƙyalle, har sai an gyara.
5. Asusun gyara da jinya: a riƙa cire wani abu daga kuɗin kowane aiki, a ajiye daban.
6. Akwatin agajin gaggawa, da lambar mai mota ko babur da za a kira, a rubuce a bango.
7. Kowane memba, har ɗan koyo, na da ikon tsayar da aikin da ya ga haɗari a ciki ba tare da an tsawata masa ba.

A karanta wannan takarda a bainar kowa da Hausa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a kai kofi guda ofishin magajin gari ko wurin mai gari. Masu neman horo na iya tuntuɓar CFM ta komin ɗinsu, ko asusun FAFPA, ko majalisar masu sana'ar hannu ta CMANI.

Ga ƴan'uwa da ke waje

Ku da ke Libiya, Aljeriya, Najeriya, Gana, Kodibuwa, Turai ko Amurka, kuna aiko da inji don ƙanne su samu abin yi, Allah ya saka da alheri. Amma ku duba waɗannan kafin ku biya. Injin Amurka na volt 110 zuwa 120 ne, ba ya shiga wutarmu kai tsaye. Babban inji na iya buƙatar wuta mai layi uku, wadda ba kowane shago ke da ita ba. Injin da aka yi aiki da shi sau da yawa yakan zo babu murfi, babu wuƙar bayan zarto. Ku tambaya, ku sa a nuna maku a hoto. Cikin kuɗin da kuka ware, ku keɓe na tabarau, abin toshe kunne, takunkumi, na'urar 30 mA da ladan mai gyaran wuta na ƙwarai. Sannan ku faɗa a fili, a gaban shaidu, ko injin kyauta ne, ko aro, ko jari, da sunan wanda kuka damƙa wa. In kun buga waya gida kuna tambayar nawa injin ya kawo a wannan wata, ku haɗa da tambayar wa ke riƙe da makulli, kuma murfin zarton yana nan?